Wanda Ya Bar Nama da Wanda Nama Ya Bari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta wa bayinSa daɗaɗan abubuwa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, akwai tambayar da ke tasowa a tsakanin matasan zawiya, musamman ɗaliban da ke karatu a Maraɗi da Yamai: shin mutum zai iya barin nama gaba ɗaya ya zauna lafiya? Ta ƙofa biyu tambayar ta shigo. Ɗaya sabuwa ce, wato maganganun da ake turowa ta waya daga Turai da Amurka, masu cewa nama ne tushen hawan jini da ciwon zuciya. Ɗayar kuwa tsohuwa ce, ta littattafan tasawwufi da labarin malaman da ke shiga halwa su ƙaurace wa duk abin da ke da rai da abin da ya fito daga mai rai, ba nama, ba nono, ba man shanu, ba ƙwai. Matashi mai himma idan ya haɗa biyun sai ya ga ya tsinci dami a kala, ga lafiyar jiki ga hasken zuciya.

Amsar ba za ta zama ɗaya ba, domin ba mutum ɗaya ake tambaya a kansa ba. Akwai saurayin da ke wuce mai balangu kullum dare a birnin Maraɗi da kuɗin saye a aljihunsa. Akwai kuma yaro ɗan shekara biyu a wani ƙauye na Agye ko Gazawa ko Gidan Runji, wanda ba ya ganin tsoka sai ranar layya ko ranar da aka yi suna a maƙwabta. Na farko idan ya daina ci, ya bar nama. Na biyu nama ne ya bar shi.

A fara da na farkon, da abin da likitoci suka gano a kansa. A shekarar 2016 babbar ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta fitar da matsayinta cewa abincin da babu nama a ciki yana iya wadatar da jiki, har ma ya rage haɗarin wasu cututtuka, amma da sharaɗin an tsara shi yadda ya kamata. A Ingila, masu bincike na jami'ar Okusfod sun bi rayuwar mutum kimanin 48,000 har shekara 18, suka wallafa sakamako a 2019: waɗanda ba sa cin nama ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya ragu musu da kashi 22 cikin 100, amma shanyewar ɓarin jiki ta ƙaru musu da kashi 20 cikin 100. Masu tura saƙon waya rabin farko kawai suke turowa. Kafin nan, a 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa don ajiya, irin na gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, jan nama kuma ta ce mai yiwuwa ne. Duk wannan magana ce ta mutanen da nama ya yi musu yawa, masu kantuna cike da kayan lambu rani da damina, waɗanda ke sayen ƙwayoyin bitamin kamar yadda ake sayen gishiri.

Abincin Hausa kansa ba matalauci ba ne a wannan fage. Gero da dawa suna da ƙarancin wani ɓangare na sinadarin gina jiki, wake kuwa yana da shi a wadace, don haka duk inda hatsi da wake suka haɗu a ciki ɗaya, ko a shinkafa da wake, ko a kunu da ƙosai, sun cike wa juna. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne. Ga awara, ga ƙuli-ƙulin da ake kwaɗa zogale da shi, ga daddawar kalwa da ta batso, ga kuka da yakuwa da rama. Kakannin da suka haɗa waɗannan ba su shiga jami'a ba, amma abin da suka haɗa ɗin shi ne ake koyarwa yau.

Sai dai akwai abin da ganye da hatsi ba su bayarwa ko da mutum ya ci kwando guda, shi ne bitamin B12. Ana samunsa a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini, kasala, mantuwa, da jin kamar ana tsira wa mutum allura a tafin ƙafa, idan abin ya daɗe kuma ya taɓa jijiyoyi taɓawar da ba lalle ta warke ba. Hikimar Allah, hanta tana ajiye wanda zai isa baligi shekaru, shi ya sa halwar kwana arba'in ba ta kayar da lafiyayyen mutum ta wannan fuska. Wanda ya bar nama amma ya riƙe fura da nono, da ƙwai lokaci lokaci, ya rufe mafi girman ramin. Yawancin mutanen Indiya da ake buga misali da su wajen barin nama ba su bar madara ba. Wanda ya ce zai yanke duka har abada, to ya nemi ƙwayar bitamin ɗin ya riƙe, ko ya jira ranar da jikinsa zai karɓi bashinsa.

Ke nan ga baligi mai lafiya, mai zaɓi, amsar likita ita ce yana iya zama lafiya. Saura amsar shari'a, wadda ita ce ta fi damun muridi.

Imamu Muslim ya ruwaito labarin wasu sahabbai da suka tambayi matan Annabi (SAW) yadda yake ibada a ɓoye, sai kowannensu ya ɗaukar wa kansa wani alkawari: wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba, wani ya ce ba zai ci nama ba. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) bai yabe su ba. Ya nuna musu cewa wannan kauce wa sunnarsa ne. Tirmizi kuma ya kawo daga Ibnu Abbas cewa wani mutum ya haramta wa kansa nama saboda yana motsa masa sha'awa, sai aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ta sauka tana hana muminai haramta abin da Allah Ya halatta musu. Shi kansa Fiyayyen halitta yana cin nama idan ya samu, kuma sananne ne cewa yana son karfata. Don haka duk wanda ya ƙudurta cewa cin nama ƙazanta ne, ko yanka zalunci ne, ya saɓa wa nassi, kome kyawun niyyarsa. Mawaƙin Larabawa Abul Ala'il Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya bi wannan ra'ayi shekaru masu yawa, har nono da zuma ya ƙi, kuma malamai ba su bi shi a kai ba. Tausayin dabba a Musulunci wurinsa daban ne: a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka, kada a ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa.

Amma wannan rabin magana ne. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo gargaɗin Sayyidina Umar (RTA) cewa nama yana da kamu irin na giya, wanda ya saba da shi da wuya ya iya haƙura. Imamu Gazali, a babin karya sha'awar ciki da ta farji na Ihya'u, ya kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Ali (RTA) mai ma'anar cewa barin nama kwana arba'in yana munana hali, dawwama a kansa kwana arba'in kuma yana ƙeƙasar da zuciya. Masu riyala ba su haramta nama ba. Sun ɗauke shi ne daga gaban rai na ɗan lokaci, kamar yadda ake janye wa doki hatsi idan ya fara tutsu, da izinin shehi mai tarbiyya wanda ya san jikin almajirinsa da halinsa. Magani ne mai awo da wa'adi. Wanda ya ɗauki maganin wani ya sha, ba tare da mai magani ba, bai yi tsantseni ba, ganganci ya yi.

'Yan'uwa ma'abota Ɗariƙar Tijjaniyya kuwa al'amarinsu ya fi sauƙi. Abin da aka sani daga Jawahirul Ma'ani shi ne, lokacin da Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ya sami babban buɗi a Abu Samguna a shekara ta 1196 bayan Hijira, an umurce shi da riƙon wannan hanya ba tare da keɓewa daga mutane ba. Ɗariƙa ce ta godiya. A cikin sharuɗɗan da muƙaddami ke karanta wa mai karɓar wuridi akwai tsare salla a kan lokaci, akwai biyayya ga iyaye, akwai dawwama a kan lazimi da wazifa da zikirin Juma'a, amma babu barin nama. Saurayin da ya ƙirƙiro wa kansa wannan sharaɗi ya binciki zuciyarsa da kyau, domin sau da yawa rai yakan bar tsoka ya kama abin da ya fi tsoka daɗi, wato a ce wane ba ya cin nama.

Yanzu sai na biyun, yaron da nama ya bari, kuma a nan ne maganar take da nauyi.

Kudancin jihar Maraɗi rumbu ne. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da aya suna fita daga kasuwannin Cadawa da Gazawa da Tsibiri, manyan motoci suna kwasa zuwa Yamai da Katsina da Kano. Amma a shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004 da tsadar hatsin da ta biyo baya, daga wannan rumbun ne aka fi kwasar yara masu tamowa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Da yunwar ta wuce ciwon bai wuce ba. Babban binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa yara 73 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka mata 46 cikin 100, kuma a jihar Maraɗi fiye da rabin yara tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da gudawa suna da babban kaso a ciki. Amma kwanon abinci ma yana da nasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cikin yaro ƙarami ne, buƙatarsa kuwa babba, domin yana gina ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Idan aka cika masa ciki da kunu mai ruwa ko farau-farau, ya ƙoshi amma bai ci ba. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin gero da ganye jiki kaɗan yake iya ɗauka daga ciki, saboda wani abu a dusar hatsi yana riƙe shi, alhali na cikin nama da hanta yana shiga da sauƙi. Jariri mai shan mama kuma ba shi da wata hanyar samun bitamin B12 sai ta jikin uwarsa. Idan ita ba ta da shi, nononta ba shi da shi. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce yaro daga wata 6 zuwa wata 23 ya riƙa samun wani abu na dabba kowace rana, nama ko kifi ko ƙwai.

An ma gwada abin a wannan ƙasa, ba a nesa ba. A 2007, daga watan Mayu zuwa Oktoba, wato tsawon lokacin da rumbuna ke yin ƙasa, MSF ta riƙa raba wa yara kimanin 60,000 'yan wata 6 zuwa shekara 3 a gundumar Gidan Runji wani dunƙulen gyaɗa mai garin madara da bitamin a ciki, 'yan cokula a rana a kan abincin gida. Hauhawar tamowa mai tsanani da aka saba gani a wannan lokaci ta kwanta. Ba buhunan gero aka ƙara musu ba, ɗan abin da geron ba shi da shi aka ƙara.

To, me ya haɗa wannan da muridi? Abin da ya haɗa su shi ne yadda ake saka wa rashi rigar zuhudu. Akan ji mai wa'azi ya kawo hadisin Nana A'isha (RTA) cewa akan ga jinjirin wata uku ba a hura wuta a gidajen Annabi (SAW) ba, sai dabino da ruwa, ya kawo shi don ya kwantar wa talaka da hankali. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma yana da ƙarshe da ba a cika karantawa ba: ta ce akwai maƙwabta daga Ansaru masu dabbobin tatsa da suke aiko da nono. Gidan Annabta ya yi haƙuri, maƙwabta kuma suka yi aikinsu. Wanda ya karanta wa mabuƙaci rabin farko ya riƙe rabi na biyu, wanda shi ne ya hau kansa, bai yi wa hadisin adalci ba.

Zuhudu ba ya tabbata sai da iko. An ruwaito cewa an kira wani daga cikin magabata da sunan mai gudun duniya, sai ya ƙi sunan, ya ce Umar ɗan Abdul'aziz ne ya cancance shi, tunda shi duniya ta zo masa ya juya mata baya. Shi kuwa me ya samu balle ya bari? Idan babban waliyyi ya ƙi karɓar sunan a kan abin da bai mallaka ba, ina ga yaron goye, wanda ba shi da niyya, ba a ɗora masa azumi ba, ba a tambaye shi ba? Haƙurin uwarsa yana da lada wurin Allah, babu shakka. Amma ladan da take samu ba ya sauke nauyi daga kan wanda ke da ikon sauƙaƙa mata.

Nauyin kuwa yawanci a cikin gida yake. Duk wanda ya tashi a karkara ya san tafiyar tsoka ranar kasuwa: idan maigida ya sayo ɗan kashi biyu aka jefa a miya, kwanonsa ake fara tsamo wa, sai na baƙo, yara su sami romo da ƙashi, mai ciki ta ce ta ƙoshi. Wani ma ba ya kai shi gida, a tsaye yake cinye tsirensa a bakin tukuba ya goge baki. Ƙwan zabi na damina a kai bakin hanya a sayar wa matafiya, kuma har yau akwai gidajen da ake cewa yaro idan ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, maganar da ba ta da tushe a littafi ko a likita. Ciyar da iyali wajibi ne, riyala kuwa nafila ce, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi.

Wanda ke neman abin koyi wajen barin nama, ga shi a tarihin Sayyidina Umar ɗin da ya yi gargaɗi a kansa. A Shekarar Toka, ta 18 bayan Hijira, da fari ya kama Hijaz, ya yi rantsuwa ba zai ɗanɗani nama ko man shanu ba sai jama'a sun farfaɗo. Ya zauna a kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Bai yi don ya rage teɓa ba, bai yi don a buɗe masa wani sirri ba. Ya bari ne domin a lokacin wasu ba su da shi, kuma bai tsaya nan ba, ya aika wa gwamnonin larduna su turo abinci, ya kafa tukwane ana dafa wa mutane. Irin wannan bari shi ne ya dace da ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi a watannin bazara. Baligi mai ƙarfi, wanda hantarsa ke da ajiyar shekaru, shi ne ya fi kowa iya haƙura da tsoka a gidan, kuma shi ne al'ada ta ba ta. Idan ya tsame ta daga kwanonsa ya sa a na matarsa mai shayarwa, ko ya marmasa ta a cikin abincin ɗan yaye, ya karya sha'awarsa kamar mai halwa, bai haramta halal ba, ya sauke wajibi, kuma babu wanda zai gani balle ya yaba masa.

Wani zai ce: ai akwai bayin Allah da suka rayu a kan ɗan abu kaɗan, albarka ta riƙe su. Haka ne, kuma muridi ba ya musun karama. Sai dai karama kyauta ce ga wanda Allah Ya so, ba ƙa'ida ba ce da ake gina tarbiyyar yara a kanta. Nana Maryam ma, wadda abinci ke iske ta a ɗakin ibada, da naƙuda ta zo an umurce ta ta girgiza kututturen dabino. Riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Sababin kuwa ba lalle sai rago ba. Fara da ake soyawa a kasuwannin Maraɗi abinci ce mai gina jiki, halal ce, Buhari ya ruwaito cewa sahabbai sun ci ta a yaƙe-yaƙe tare da Annabi (SAW). Abin kiyayewa kawai kada ta zama wadda aka fesa wa magani. Busasshen kifi na dala kaɗan idan aka daka shi aka zuba a miyar yaro ya yi aiki. Tsima gero kafin a yi koko yana sassauta abin da ke riƙe sinadarin ƙarfe, ɗan tsamin lemo ko garin 'ya'yan kuka kuma yana taimaka wa jiki ya ɗauke shi. Shayi kuwa akasin haka yake yi idan aka sha shi a kan abinci, abin da ya kamata 'yan majalisar shayi su sani, su ɗan jinkirta butar.

Sai jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta san ta saboda fatarta, alhali alherinta na gida shi ne yawan haihuwar tagwaye da nonon da take bayarwa a kan ɗan abinci kaɗan. A wuraren da gonaki suka cinye makiyaya, saniya ta yi wa talaka nisa, akuya ce ta rage, kuma galibi ta mata ce. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta Agye, inda manoma suka rungumi sassaben zamani suka bar itatuwa suna tsirowa a gonaki, 'ya'yan gawo suna riƙe akuya a tsakiyar rani, akuyar kuma ta riƙe yaro. Fulani suna da tsohuwar al'ada ta habbanaye: a ba mabuƙaci aron dabba mace, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Zawiyar da ke iya tara kuɗin sa don Maulidi tana iya tara na akuya biyar, a ba gidaje biyar masu goyo kafin faɗuwar ruwa, idan sun haihu uwayen su wuce gidaje biyar na gaba.

Allah Ya kawo damina mai albarka, Ya raya zuri'ar Musulmi cikin lafiya da imani, albarkar Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.